'Yar Baba Japan da Mai Allon Aski

Ranar da Zira ya fara ƙwanƙwasa ƙofar gidan Baba Nehemiah a unguwar Lokuwa, budurwar da ta buɗe masa hannunta baƙi ne ƙirin har wuyan hannu, kuma ko murmushi ba ta yi masa ba.

"Sannu da gida. Baba yana ciki?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Jan fenti a gwiwar wando, shuɗi a gefen kunne.

"In allon shago ka zo rubuta mana, ba mu da shago."

"Koyo na zo."

"Ayya!" Ta matsa gefe. "Ka dai ci abinci ko? Masu zuwa da yunwa su ne suke fara gudu."

Miriyamu ke nan, 'yar autar gidan, malamar kimiyya a wata sakandare a cikin Mubi. Bakinta ba ya ajiye magana, kowa a unguwar ya san haka. Shi kuma Zira ɗan wani ƙauye ne a duwatsun Michika, sana'arsa zana allon masu aski da rubuta addu'a a bayan keke napep. Ya shiga gidan yana waiwayenta, har ya yi tuntuɓe da bokiti. A nan ne ta yi dariya, shi kuwa daga jin dariyar nan ya san ya shiga uku.

Baba Nehemiah babu mai kiransa da sunansa a Mubi, Baba Japan ake ce masa. Yana saurayi ya sami tallafin karatu ya tafi can, ya faɗa hannun wani tsoho mai zana duwatsu da ruwa da baƙar tawada kaɗai. Ya dawo da akwati cike da zane-zanen tsohon, ya kuma dawo da dokokinsa kaf, ko ɗaya bai bari a hanya ba.

Ya zaunar da Zira a tabarma ya karanto masa su.

"A nan ba a tambaya, kallo ake yi. Za ka share ɗaki, ka niƙa tawada. In na ga hannunka ya nutsu, ka ja layi. Bayan layi dutse ɗaya, bayan dutse bishiya. Sannan ka kwaikwayi zanen malamina, ɗigo bayan ɗigo, har na kasa gane wanne ne naka. Ba ka zana abin da idonka ya gani a waje, ba ka sa sunanka a takarda, sai ranar da na yaye ka na ba ka hatimi. Haka aka koya min."

"Hatimi, Baba?"

"Ɗan dutse ne, an sassaƙa sunan mutum a jiki. A dangwala a jar tawada, a buga a gefen zane. Kuma na ce ba a tambaya."

Niƙa tawada kuwa Miriyamu ce ta koya masa, don tun tana firamare take yi wa mahaifinta. Sanda ce baƙa mai tauri, a ɗiga ruwa a kan wani ɗan faffaɗan dutse, a riƙa goga ta a hankali har ruwan ya yi kauri. Zira ya kama ta da ƙarfin mai fentin bango.

"Kai, Mai Allon Aski! Barkono kake niƙawa?"

Ta ɗora hannunta a kan nasa ta rage masa gudu. Daga nan bai ƙara jin ko kalma ɗaya daga bayanin da take yi ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Malama Miri, na isa gida lafiya. Na wanke hannun dama, na bar na hagu saboda shi kika taɓa."

Ta karanta, ta ce "ji shi!", ta ajiye wayar, ta sake ɗauka.

"Na dama na taɓa, maƙaryaci. Je ka wanke duka biyun, gobe kada ka makara."

Haka rani ya wuce yana shara da niƙa. Abokansa a bakin kasuwa suna yi masa tsiya, wai ya bar sana'a ya koma boyi. Bai kula su ba. Da damina ta kama Baba ya miƙa masa burushi, ya yi ta jan layi har yatsunsa suka ƙage. Ranar Lahadi bayan coci kuwa shi da Miriyamu sai su taka zuwa bakin mayo, wato kogin garin, su zauna a kan yashi suna cin dafaffiyar gyaɗa, tana ba shi labarin rashin jin ɗalibanta, yana kallon bakinta.

"Me kake kallo?"

"Aikin gida nake yi. Baba ya ce a nan kallo ake yi."

"Allah ya shirye ka, Zira."

"Amin, tare da ke, Miri tawa."

Matsala ɗaya ce, hannun Zira yana da taurin kai. In aka ba shi zanen tsohon malami ya kwaikwaya, sai ya fara daidai, dogon tsauni mai tsini da siririyar bishiya mai ganye kamar allura. Kafin ya kai ƙasa tsaunin ya koma dunƙulallun duwatsun Michika masu hawa kan juna, bishiyar ta yi ƙiba ta zama kuka. Baba ya ɗauki jar tawada ya ratsa takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Sake."

A gefe kuma akwai Nicholas, ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gella, ɗalibin da ya fi kowa daɗewa a wurin Baba. Shi rigarsa ko ɗigon tawada ba ta taɓa gani ba, kuma in ya kwaikwayi zane sai ka rantse hoto aka ɗauka. Baba yana ji da shi. Ya ma sha faɗa a gaban baƙi cewa wanda ya iya haƙurin tawada zai iya haƙurin aure, yana faɗa yana kallon Nicholas. Miriyamu takan kwashe kofunan shayi ta fice kamar ba da ita ake ba.

Wata safiya Zira ya gama shara, ya durƙusa a gaban tsohon.

"Baba, ina son Miriyamu. Ina neman izini na turo manyana."

Baba bai ɗago daga takardarsa ba.

"Ɗalibina ba ya neman 'yata sai na yaye shi. Ka samu hatimi, sannan ka zo mu yi magana."

To, a nan Zira ya yi wautar maza. Bai gaya mata ba. Ya ga gara ya ci jarabawar a asirce ya zo mata da albishir. Ya duƙufa kwaikwayo safe da yamma, ya daina zuwa bakin mayo, in ta turo saƙo amsarsa guntuwa. Ita kuwa ta rasa me ta yi masa.

Nicholas ya lura. Ya tare ta a bakin famfo, murya ƙasa-ƙasa irin ta mai ba da shawara.

"'Yar'uwa, ni ba na son shiga abin da ba nawa ba. Amma kin san duk wanda ya aure ki shi zai gaji akwatin nan da sunan Baba. Me kike tsammani ya kawo mai allon aski gidan nan?"

"Abin da ya kawo ka mana," ta ce, ta ɗauki bokitinta.

Ta ba shi amsa, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Kwana kaɗan bayan haka ta zo wucewa ta ƙofar ɗakin zane, ta jiyo muryar Zira.

"Baba, don Allah, yaushe zan samu hatimin nan? Shi kaɗai nake jira."

Ba ta tsaya jin sauran ba. Ta shige ɗakinta, ta rubuta masa:

"Na ji ka. Tunda hatimi kaɗai kake jira, ka jira shi lafiya. Ni ba tsani ba ce da za a taka a hau. Kada ka ƙara kirana Miri."

Ya kira, ta kashe. Ya sake kira, ta kashe wayar gaba ɗaya. Da ta kunna washegari saƙo ɗaya ta tarar.

"Ba zan yi rantsuwa ba, don ba za ki yarda ba. Ki zo ɗakin zane ranar Asabar da safe. Ki tsaya a ƙofa kawai, ko kallona kada ki yi in ba kya so."

Ta ce ba za ta je ba. Ta faɗa wa kanta, ta faɗa wa mahaifiyarta Mama Eva, har kazar gidan ta faɗa wa. Ranar Asabar kuwa tun kafin a gama shara tana bakin ƙofa da kofin shayin da babu wanda ya aike ta da shi.

Zira ya shigo a makare, abin da bai taɓa yi ba, takarda a naɗe a hammata. Ya gaida Baba, ya durƙusa, ya warware ta a tsakiyar tabarma.

Duk suka zuba wa takardar ido. Duwatsun da suke bayan Gella ne, yadda ake hango su daga bakin mayo bayan an ɗauke ruwan safe, gajimare ya sauko ya rufe musu kafaɗa. Ga kukoki, ga gonakin dawa a gindin dutse, ga wata mata da ƙunshin itace a kan siririyar hanya. A kusurwar ƙasa ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, irin rubutun allon aski.

Nicholas ya riƙe baki. Fuskar Baba ta canza.

"Mene ne wannan?"

"Laifi ne, Baba. Na zana abin da idona ya gani, na kuma sa sunana. Doka biyu na karya, da gangan."

"Ka san hukuncinsa?"

"Na sani. Kora."

"To na kore ka! Tashi ka bar min gida!"

"Na gode, Baba." Zira bai tashi ba. "Ka ce ɗalibinka ba ya neman 'yarka sai ka yaye shi. Yanzu ni ba ɗalibinka ba ne. Ka riƙe hatimin, ka riƙe akwatin, Allah ya ba wanda ya dace. Ni Zira mai allon aski, Miriyamu nake so, kuma manyana suna nan tafe."

Kofin shayi ya faɗi a bakin ƙofa ya fashe. Babu wanda ya waiwaya sai Zira.

Baba ya miƙe.

"Ka raina ni a ɗakina? Ka raina malamina? To ku ji da kyau, kai da ita. In kun ga dama ku yi aurenku. Ƙafata ba za ta taka cocin ba, bakina kuma ba zai sa albarka ba."

Miriyamu ta tsallake fasassun kofin ta shigo. Ta naɗe zanen a hankali ta rungume shi.

"Baba, ban taɓa yi maka musu a gaban mutane ba, yau zan yi. Shi zan aura. Ka yi fushi, ka yi shiru, duk ka isa. Amma ba zan zauna ina jiran wani dutse ya ba ni izinin aure ba."

A waje, a gindin mangwaro, ta daki ƙirjin Zira da naɗaɗɗiyar takardar.

"Me ya hana ka gaya min tun farko, sakarai?"

"Na so na zo miki da hatimi a hannu."

"Hatimi zan dafa maka?" Hawaye yana zuba tana dariya. "Ka ce Miri."

"Kin hana."

"Na janye. Ka ce."

"Miri tawa."

Manyan Zira suka zo daga Michika. Baba ya shige ɗaki ya kulle, sai ƙaninsa ne ya karɓe su. Fasto ya zo ya yi magana, dattawan coci suka zo, matan zumunta suka zo da addu'a da waƙa. Tsoho ya ce shi ya gama magana. Aka sa rana, aka fara sanarwa a coci, Miriyamu tana zaune a gaba kanta a ɗage, kowa yana cewa yarinyar nan akwai ƙarfin hali.

Ƙarfin hali a waje ne. A gida in ta ajiye masa abinci ya kawar da kai, sai ta koma kicin ta yi kuka. Uban da ya goya ta a wuya zuwa makarantar Lahadi, yau ko amsa gaisuwarta ba ya yi. Auren za a yi, wannan babu fashi. Amma ta san in aka ɗaura babu albarkarsa, abin zai bi ta har tsufa.

Mama Eva ta same ta a haka wata rana da hantsi. Ta zauna, ta jawo tiren gyaɗa tana ɓarewa.

"Ke, share ido. Zan gaya miki abin da ya hana ni faɗa, in ya so ya haɗa da ni a fushin. Kin taɓa ganin hatimin babanki?"

Miriyamu ta yi tunani. Ta niƙa masa tawada tun tana yarinya, amma ba ta taɓa ganin ya buga ja a gefen takarda ba.

"Ba shi da shi," in ji Mama. "Yana can Japan aka aiko kakanki ya rasu. Ya dawo da niyyar zai koma ya ƙarasa. Ga gona, ga ƙanne, ga ni. Kafin ya shirya, tsohon can ma ya mutu. Ba a yaye shi ba, Miriyamu. Har yau ɗalibi yake ganin kansa. Ko dutsen ƙauyensu bai taɓa zanawa ba."

"To yaya zai yaye wani?"

"Ina fa zai yaye! Yaron nan Nicholas sai ya yi furfura yana jira."

Miriyamu ta ji tausayi ya kama ta, sai kuma fushi ya taso ya danne shi. Ashe sharaɗin da ya gindaya wa Zira babu ranar cika shi.

Washegari da sassafe ta riga shi shiga ɗakin zane. Ta niƙa tawada har ta yi kauri, ta shimfiɗa sabuwar takarda, ta buɗe tagar gabas wadda ake hango duwatsu ta cikinta. Da ya shigo ya gan ta sai ya juya zai fita.

"Baba, Mama ta gaya min."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Malaminka da kake ji da shi, duwatsun wa ya zana? Na Mubi? Na ƙasarsu ya zana, Baba, waɗanda yake gani in ya buɗe ƙofa. Ya koya maka hannu ne don ka zo ka zana naka. Kai kuma ka zauna kana jiran izinin mutumin da yake kabari."

"Rufe min baki!"

"Ba zan rufe ba. Ka hana kanka, ka hana Nicholas, yanzu za ka hana ni. Zira bai raina ka ba. Duk abin da ke cikin zanen nan nasa, a hannunka ya koya. Kai ne ka ƙi duba shi da kyau, don ya yi abin da kake tsoro."

"Miriyamu, fita."

"Zan fita. Ga tawada nan, in ta bushe ta bushe." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Ni albarkarka nake so, Baba. Ba na son komai a akwatin nan."

Ta fita. Da ta leƙa da azahar tawadar ta bushe a kan dutse, takarda fara fat, taga a rufe. Ta rubuta wa Zira:

"Na yi iyakar yi na, masoyi. Ya ƙi. Za mu shiga coci haka nan, kawu zai riƙe hannuna. Kada ka ce min kada na yi kuka."

Ya amsa: "Yi kukanki, Miri tawa. Ina zuwa da hankici da rake."

Ana cikin makon biki, gida cike da dangi ana surfe ana suya, Mama Eva ta fito tsakar gida ɗankwali a hannu.

"Wa ya ga Baba? Tun asuba ba ya ɗaki, jakarsa ma ba ta nan!"

Aka bazu nema. Wani direba a tasha ya ce ai shi ya ɗauke shi a motar farko ta Gella, ya sauka kafin a shiga gari, ya bi hanyar gona. Miriyamu ba ta jira kowa ba, ta kira Zira suka hau mota ta gaba. Duk hanya matse hannunsa take yi.

Daga bakin titi suka hango shi. Yana zaune a kan wani falalen dutse a tsakiyar gonakin dawa, ya danne takarda da tsakuwa, wasu manoma biyu sun jingina da fartanya suna kallon ikon Allah. Kewaye da shi duk takardu ne a cukuikuye.

"Baba!"

Bai yi mamakin ganinsu ba. Ya dubi Zira, ya dubi 'yarsa, sannan ya juyo musu da takardar da ke gabansa.

Gaskiya zanen bai yi kyau ba. Dutsen ya karkace, tawada ta malale a gefe ɗaya, layin duk rawa. Kuka ce ya so zanawa, ta fito rabi kuka rabi bishiyar Japan.

"Kun gani?" ya ce. "Baba Japan guda. Dutsen da nake gani tun ina yaro, na kasa."

"Baba, ai na farko ne," in ji Zira a hankali.

"Na farko ne." Tsohon ya maimaita, sai dariya ta kuɓuce masa, dariyar ta juye ta zama kuka. Miriyamu ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba. Ta durƙusa a kan dutsen ta riƙe gwiwarsa.

Ya share fuska da hannun riga.

"Zira, zo nan. Durƙusa kusa da ita. Na yi maka alkawarin abin da ba ni da shi. Hatimi ba ni da shi, ban isa na ba kowa ba, Nicholas ma yau zan je na gaya masa da bakina." Ya ɗora hannu ɗaya a kan Miriyamu, ɗaya a kan Zira. "Amma albarka tawa ce. Wannan ba sai wani ya ba ni izini ba. Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Allah ya sa ku tsufa tare. Ke kuma mai bakin tsiya, Allah ya ba ki 'ya irinki, ki ji yadda na ji."

"Amin, Baba," ta ce cikin kuka. "Amin, har da ta ƙarshen."

Manoman nan biyu da ba su san kan zance ba su ma suka ce amin.

Ranar Asabar coci ya cika har waje. 'Yan Michika sun zo da ganguna, matan zumunta sun yi anko, abokan Zira na bakin kasuwa sun jera kekuna a bakin titi suna ta hon. Nicholas ma ya zo, ya zauna a baya, ya kuma tsaya har aka tashi. Da aka buɗe ƙofa amarya ta shigo, ba kawu ne yake riƙe da hannunta ba. Baba Nehemiah ne, cikin tsohuwar kwat ɗinsa da ta yi masa yawa, yana takawa a hankali kansa a sama.

Fasto ya tambaya wa yake ba da wannan amarya.

"Ni ne, ubanta," ya ce da ƙarfi har na waje suka ji. "Da zuciya ɗaya."

Guɗa ta tashi. Miriyamu ta matse hannunsa sau ɗaya kafin ta saki, ta taka zuwa wurin Zira.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai jin magana, ko da dai daga wannan gida da wuya.